Sukarin Mai Ciki Ba Ya Ƙarewa Ranar Suna

A gidajen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, ciki na shiga wata na bakwai tsofaffi za su fara zancen zaƙi. Uwar miji ta hana rake, kaka ta ɓoye alewa, a ɗora tukunyar saiwoyi masu ɗaci, a ce wa amaryar bara ta daure ta shanye, kada zaƙi ya tare wa ɗa hanya ranar naƙuda. A fahimtar iyaye mata, zaƙi wani ruwa ne mai yauƙi da ke taruwa a mara. In ya zubo, haihuwa ta zo da sauƙi, shi ke nan an rabu da shi.

Sun hango wani abu na gaskiya, kuma bai kamata a raina musu ba. Tabbas akwai dangantaka tsakanin ciki da sukari, akwai kuma tsakanin sukari da doguwar naƙuda. Sai dai sukarin da ke yin ɓarna a cikin jini yake yawo, ba ya zubowa da ruwan haihuwa, ɗaci kuma ba ya wanke shi. Abin da ya fi kamata 'yan mata da samarin wannan yanki su riƙe shi ne, macen da sukarin jininta ya hau tana da ciki, an ba ta labarin yadda lafiyarta za ta iya kasancewa nan da shekara biyar ko goma ko ashirin. Mafi yawa ba sa jin labarin, domin babu wanda ya gaya musu akwai shi.

Ga yadda abin ke faruwa. Duk abincin da ke da gari ko zaƙi, tuwo ne ko fura ko shinkafa ko burodi, in ya narke a hanji sukari yake komawa ya shiga jini. Akwai wata 'yar gaɓa a bayan tumbi, likitoci na ce mata fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin, shi kuma ya kwashe sukarin daga jini ya raba wa tsoka da hanta da sauran jiki. To idan mace ta yi ciki, mabiyiya takan saki wasu sinadarai da ke rage wa insulin kaifi, musamman daga wata na biyar zuwa sama. Hikima ce ta Ubangiji, don sukari ya ɗan jima a jinin uwa, ɗan tayi ya samu rabonsa. Jikin yawancin mata yakan ninka insulin ɗin da yake fitarwa, sai komai ya daidaita. Na wasu kuwa ya kasa cim ma buƙatar, sukari ya taru ya wuce ƙima. Wannan shi ne ciwon sukari na masu juna biyu.

Ba abu ne da ake gani jefi-jefi ba. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa haihuwa ɗaya cikin kowace shida a duniya, wajen miliyan 21 a shekara, tana zuwa ne daga uwar da sukarin jininta ya hau lokacin da take da ciki. Kuma sau da yawa ba ya nuna alama. Yawan fitsari, ƙishirwa, kasala, wace mai ciki ce ba ta fama da su a zafin watan Afrilu na Shinkafi? Shi ya sa yake wucewa ba a lura ba.

Ɗan da ke ciki shi ke fara ɗanɗana abin. Sukarin uwa na ƙetarawa zuwa gare shi, ya yi ta tara kitse har ya kai kilo 4 ko fiye. Ranar barka mata su yi ta cewa tubarkalla, wannan ƙato haka, ai kamar ɗan wata biyu. Ba su san wuyar da aka sha ba: kai ya fito kafaɗa ta maƙale, ƙari mai zurfi, zubar jini, wani lokaci sai an yi aiki. Irin wannan jariri sukarinsa kan faɗi warwas a sa'o'in farko bayan an yanke cibiya, don haka yana buƙatar a sa shi a nono nan take. Wani kuma, Allah Ya kiyaye, yakan koma tun a ciki gab da haihuwa.

Daga nan sai a samu sauƙin da ke yaudara. Mabiyiya na faɗuwa, sinadaranta sun tafi, cikin 'yan kwanaki sukarin mafi yawan mata ya sauka ya koma daidai. A yanka rago, a raɗa suna, a shiga wanka. Ko wadda aka gano nata a asibiti, sai ta ɗauka ta warke.

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin soro ya san ruwan damina ne ke tona inda rufi ya tsage. In kaka ta yi, yoyo ya tsaya, amma tsagar na nan, kuma mai hankali da rani yake yin yaɓe. Haka ciki yake ga jikin mace. Nauyin da ya ɗora mata ne ya tona cewa gaɓar da ke yin insulin ba ta da rarar ƙarfi. Ciki ya wuce, raunin bai wuce ba. Shekaru na tafiya, jiki na ƙara nauyi, wani ciki ya zo, wani ya biyo baya, har ranar da sukari zai hau ba tare da ciki ba, ya kuma ƙi sauka.

Abin ban sha'awa, gwajin da ake yi wa masu ciki tun asali saboda wannan aka ƙirƙiro shi. A 1964 wani likita a birnin Boston na Amurka, John O'Sullivan, da abokiyar aikinsa masaniyar lissafi Claire Mahan, suka buga sakamakon awon jinin mata masu ciki 752 da aka ba ruwan sukari suka sha. Ma'aunin da suka fitar an gina shi ne a kan tambaya guda: wace ce cikin masu ciki za ta kamu da cikakken ciwon sukari nan gaba? O'Sullivan ya ci gaba da bibiyar matan da gwajinsu ya nuna matsala fiye da shekara ashirin, ya ga kusan rabinsu ciwon ya kama su.

Binciken da ya biyo baya bai sauya hoton ba. A 2009 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani nazari da ya tattara bayanan mata fiye da 675,000, ya nuna wadda ta yi sukarin ciki ta ninka wadda ba ta yi ba sau bakwai wajen hatsarin kamuwa da ciwon sukari na dindindin. Wani nazarin a mujallar BMJ a 2020 ya kai lissafin kusan ninki goma. Akwai kuma babban binciken da ake kira HAPO, wanda ya auna masu ciki fiye da 23,000 a ƙasashe 9. Da aka koma kan wasu dubbai daga cikinsu bayan kimanin shekara 11, sai aka tarar fiye da rabin waɗanda sukarinsu ya hau da ciki sun kamu da ciwon ko suna bakin kamuwa, alhali a sauran matan ɗaya ce cikin biyar.

Kada a ce wannan lissafin Turawa ne. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu an bi sawun matan da aka gano sukarinsu ya hau suna da ciki a asibitin Groote Schuur, aka sake auna su bayan shekara 5 zuwa 6. Kusan rabi suna da cikakken ciwon sukari. Shekara biyar kacal. Yaron da aka haifa bai gama haddace Fatiha da ƙananan surori ba.

A ɗauki wannan a ɗora a kan rayuwar mace a Moriki ko Badarawa ko Kasuwar Daji, wadda aka yi wa aure tana da shekara 16 ko 17. In sukari ya hau mata a ciki na uku tana da 23, tana iya kamuwa da ciwon kafin ta kai 30, tana da yara ƙanana jere. Ciwon sukari kuwa a sannu yake cin mutum, kuma jijiyoyin jini yake bi. Ya taɓa na ido, gani ya fara dishi-dishi. Ya taɓa na ƙoda, har a kai ga wankin ƙoda, abin da ba kowane gida ke iya ɗaukar kuɗinsa ko na wata guda ba. Ya kashe jin tafin ƙafa, ƙaya ta soki mace a gona ba ta ji ba, gyambo ya zauna ya ƙi warkewa, wani lokaci sai an yanke yatsa ko ƙafar. Mutane su ce sammu ne, ko ta taka wani abu, alhali tushen na can a wani cikin da aka yi shekaru goma sha da suka wuce.

Zuciya ma ba ta tsira ba. Wani nazari na 2019 da ya haɗa bayanan mata fiye da miliyan 5 ya nuna wadda ta yi sukarin ciki ta ninka sauran mata sau biyu wajen hatsarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Har waɗanda ba su kamu da ciwon sukari daga baya ba, hatsarinsu ya fi na sauran. Sukarin ciki da hawan jinin ciki kuma sukan tafi tare, kuma hawan jinin nan ne ke kaiwa ga jijjiga, wadda mata ke kira taune-taune. Wadda ta haɗa biyun, sai ta ɗauki awon jininta da muhimmanci har tsufa.

Nan ne wani saurayi zai ce, ai suga ciwon masu kuɗi ne, ciwon matan Abuja da ke kwana cikin sanyin na'ura. Ina ruwan matar da ke surfe da daka da ɗibar ruwa? Wannan zato ya halaka mutane da yawa. Gaskiya ne ƙiba da zaman wuri ɗaya na ƙara hatsari, haka ma gado da yawan shekaru. Amma yunwar ƙuruciya ma na ƙara shi. A hunturun 1944 zuwa 1945 yaƙi ya jefa yammacin ƙasar Holan cikin matsananciyar yunwa. Da aka auna 'ya'yan da aka yi cikinsu a lokacin, suna da shekara hamsin, sai aka ga jikinsu bai iya sarrafa sukari kamar na waɗanda aka haifa kafin yunwar ko bayanta. A 1992 wasu masana biyu na Ingila, Nicholas Hales da David Barker, suka yi bayanin dalili: ɗan da ya sha yunwa a ciki ko yana jariri, jikinsa yakan ginu a kan tsimi, gaɓar da ke yin insulin ba ta cika girma ba. In ya girma ya samu abinci mai gari da zaƙi, sai jikin ya kasa ɗauka. An kuma tabbatar cewa macen da aka haifa 'yar mitsitsiya ta fi shiga hatsarin sukarin ciki in ta girma.

Wannan magana ta shafi arewacin Zamfara kai tsaye, kuma tana sosa rai. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF, wadda ke aiki a manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi, tare da ma'aikatar lafiya, sun auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 97,000 a ƙananan hukumomin biyu. Fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. 'Yan matan da ke cikin waɗannan yara su ne amaren shekara goma sha biyar masu zuwa. Da yawansu 'yan bindiga sun raba iyayensu da gonaki, sun taso a cikin gari, inda abincin da ya fi sauƙin samu shi ne garin kwaki da sukari, taliya, burodi da shayi. Ramammiyar mace ma sukari na kama ta.

Akwai kuma wani abin da ya sa lamarin ya fi nauyi a nan fiye da Boston. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen Zamfara kan haifi 'ya'ya fiye da shida a rayuwarta. Wadda ta yi sukarin ciki sau ɗaya, kusan rabin irinta yakan dawo musu a ciki na gaba. Abin da ya fi haka hatsari shi ne mace ta ɗauki sabon ciki alhali ciwon ya riga ya zauna mata ba ta sani ba. A makonnin farko ne ake halittar zuciya da ƙwaƙwalwa da ƙashin bayan ɗa, tun uwar ba ta ma tabbatar da ɓatan wata ba. Sukari mai yawa a wannan lokaci yana jawo ɓari, yana jawo a haifi ɗa da nakasa. Mace ta yi ɓari biyu, ta haifi ɗaya babu rai, a ce tana da wabi, a shiga nema mata rubutu da turare, ba a taɓa ɗiga jininta a kan na'ura ba. Addu'a na da muhallinta, gwaji ma na da nasa.

Gwajin kansa ba wani abu ne mai ban tsoro ba. Ana yin sa ne tsakanin mako 24 da 28, wato ƙarshen wata na shida zuwa farkon na bakwai, daidai lokacin da ake ɗora tukunyar saiwoyi. Mace ta kwana ba ta ci komai ba sai ruwa, a ɗebi jini da safe, a ba ta ruwan da aka narka giram 75 na sukari ta sha, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2013 ya ce in na farko ya kai 92, ko na awa ɗaya ya kai 180, ko na awa biyu ya kai 153, to akwai sukarin ciki. Wasu na'urorin da wani lissafi suke nunawa, 5.1 da 10.0 da 8.5, duk abu ɗaya ne. Gwajin fitsari da ake yi ranar awo yana da amfani, amma shi kaɗai bai isa ya wanke mace ba. Wadda ta taɓa haihuwar ƙaton ɗa, ko ta taɓa haihuwar wanda bai zo da rai ba, ko mahaifiyarta ko mahaifinta na da suga, ko tana da ƙiba, ko ta haura 35, tun zuwanta awo na farko ya kamata ta faɗa da bakinta, a auna ta da wuri.

Ba a manta da halin da ake ciki ba. Wancan binciken na 2018 ya nuna masu zuwa awo wurin ƙwararru a Zamfara ba su kai rabi ba, masu haihuwa a asibiti kuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi zuwa Jibiya, kowa ya san da addu'a ake bin su. Ƙananan asibitocin ƙauyuka da dama an watse an bar su. A watan Satumbar 2021 har layukan waya aka katse a jihar, aka rufe kasuwannin mako. Mai ciki a Dauran ko Kware ba ta da tabbacin za ta isa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin Yariman Bakura ranar da take so. Amma wannan dalili ne na a yi amfani da duk ranar da hanya ta buɗe. In ba a samu cikakken gwajin ba, ko ɗigon jini na safe kafin karin kumallo, a ƙaramar na'urar da ake samu a manyan asibitocin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da wasu kemis, ya fi zama cikin duhu. Kuma duk sakamakon da aka samu a rubuta shi a katin awo, a ɗauki hotonsa a waya, a gaya wa miji da uwa. Gidan da ya yi gudun hijira cikin dare ba ya tsayawa neman kati.

Gwajin da aka fi sakaci da shi, a nan da ko'ina a duniya, shi ne na bayan haihuwa. Likitoci na so a sake auna wadda ta yi sukarin ciki tsakanin mako 4 zuwa 12 bayan ta sauka, domin a rarrabe wadda nata ya tafi da wadda dama can tana da ciwon, ciki ne ya tona shi. Lokacin ya zo daidai da gama arba'in, ya kuma zo daidai da allurar rigakafin jariri ta mako 6 da ta mako 10. Uwar da za ta kai ɗanta rigakafi, ta tafi ba ta karya ba, ta ce wa malamar asibiti: «Malama, an ce sugana ya hau da ina da ciki, a duba ni.» In na safe ya kai 126 ko fiye, sai likita ya sake tabbatarwa ya ɗora ta kan magani. In yana tsakanin 100 da 125, tana bakin gaɓa. In ya yi ƙasa da haka, alhamdu lillahi, amma za ta riƙa maimaitawa duk shekara ɗaya zuwa uku, kuma lallai kafin wani cikin.

Sai jego, inda al'ada ke da kyau da yawa da kuma 'yan wuraren gyara. Hutun kwana arba'in, kulawar uwa da goggo, nama da romo, duk alheri ne. Amma mai jegon da sukarinta ya hau, kwanon kunu da aka zuba wa sukari ko zuma har ya yi kauri, safe da rana da dare, tare da lemon kwalba da 'yan barka ke kawowa, ba gata ba ne gare ta. Zuma da dabino ma suna ɗaga sukarin jini, duk da albarkar da ke cikinsu. Kaɗan ake ci. Kanwa kuwa nata laifin daban. Tun shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka lura da yawan masu jegon da zuciyarsu ke kumbura ta gaza, suka danganta abin da yawan gishirin da ke cikin kunun kanwa haɗe da tsananin zafin wanka da gashi. Daga baya an gano akwai wasu dalilan, amma kanwa gishiri ce, kuma macen da ke da hawan jini ko sukari, zuciyarta da ƙodarta ba sa buƙatar ƙarin kaya.

Akwai wata ɗabi'a da ta fi wannan muni, kuma matasa ne ke yin ta. Ana so mai jego ta dawo daga wankan gida ta yi ɓul-ɓul, a ce an iya jego, a ce miji na ciyarwa. Wadda jikinta bai ciko ba sai ƙawa ta raɗa mata ƙwayar sha-ka-fashe. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan na ɗauke da maganin da ake kira deksametason, wanda ke kumbura fuska da ciki, ya ɗaga hawan jini, ya kuma ɗaga sukari ko ga mai cikakkiyar lafiya. Ga wadda ta yi sukarin ciki, shan sa tamkar kiran ciwon ne da hannu biyu. Kitsen da ke taruwa a ciki da ƙugu shi ne ya fi dakushe insulin.

Labari mai daɗi shi ne ana iya kauce wa ciwon, ko a jinkirta shi shekaru masu yawa, kuma an gwada an gani. A wani babban gwaji a Amurka da aka buga sakamakonsa a 2002, an ɗauki mutane fiye da 3,000 da ke bakin kamuwa. Wasu aka sa su motsa jiki minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, su kuma rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu. Wasu aka ba su ƙwayar metformin. A cikinsu akwai mata 350 da suka taɓa yin sukarin ciki, kuma a wurinsu kowace hanya cikin biyun ta rage kamuwa da kusan rabi. Kashi 7 ba wani abu ne mai yawa ba: mai kilo 80 ta sauke biyar ko shida.

Shayarwa ma kariya ce ga uwar kanta. An bi mata fiye da 1,000 da suka yi sukarin ciki a jihar Kalifoniya, aka buga sakamakon a 2015: waɗanda suka shayar sosai kuma suka daɗe suna yi, kamuwarsu cikin shekara biyu ta yi kusan rabin ta waɗanda suka dogara da madarar gwangwani. Matan wannan yanki sun riga sun riƙe wannan, kuma shekara biyun shayarwa da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara na ba jiki sararin murmurewa kafin wani ciki. Wadda ke yin kwanika, goyo a baya ciki a gaba, ba ta samun lokacin da za a auna ta a daidaita ta.

Game da abinci, a yi hattara da gurguwar fahimta. Ba a ce mai ciki ko mai shayarwa ta zauna da yunwa ba, balle a ƙasar da jini ke ƙaranci a jikin mata. Sauya tsari ake nufi. Tuwon dawa da na gero da ba a cire musu dusa ƙal-ƙal ba sun fi farar shinkafa da fulawa jinkirin ɗaga sukari. A rage malmala, a ƙara miya: kuka, kuɓewa, lalo, zogale, rama. Wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, ƙwai, kifi da nono marar sukari su samu wuri a kwano. Hoce da kwaɗon zogale ya fi burodi da shayi mai cokali huɗu. Fura a dama ta da nono, a bar sukarin. A raba cin zuwa kaɗan-kaɗan sau da yawa, a ɗan taka bayan an ci, ko zagayen tsakar gida ne. Matar ƙauye da ke noma da daka ta riga ta cika nata motsin. 'Yar cikin gari da inji ya ɗauke wa daka, babur ya ɗauke wa tafiya, ita ce za ta nemi abin da zai sa ta yi gumi. In abinci da motsi ba su isa ba, likita zai ba da metformin ko allurar insulin. Insulin ba ya ƙetarawa zuwa ga ɗa, kuma fara shi ba alamar ajali ba ce kamar yadda ake tsoratar da mutane. Azumin mai ciki da ke kan magani kuwa, a tambayi likita da malami tun kafin watan ya kama. Shari'a ta yi rangwame.

Duk wannan ba ya yiwuwa in ba da miji ba. Shi ke ba da izinin fita, shi ke biyan kuɗin mota, shi ke cefane. Angon da ke shigowa da ledar lemo da biskit kowane dare yana ganin soyayya yake nunawa. Da ya mayar da kuɗin ƙwai da kifi da gwajin jini, da ta fi amfana. Shi ne kuma zai iya zama da mahaifiyarsa cikin ladabi ya ce: «Inna, likita ya ce a rage mata kanwa da sukari a kunu.» Daga bakinsa maganar za ta shiga. Daga bakin suruka, sai a ce rashin kunya. Ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura, wanda ya iya karanta lamba a kan na'ura, yana da aikin yi a gidansu ko bai yi aure ba: yayyensa da matan yayyensa suna nan.

Budurwar da ba ta kai ga ɗakin miji ba ita ma tana da abin tambaya, kuma amsar na wurin mahaifiyarta. Da aka haife ta, ƙatuwa ce ko 'yar ƙarama? A cikin ƙannenta akwai wanda ya zo da girman da ya ba ungozoma wuya? Inna ta taɓa yin ɓari a jere, ko haihuwar da ba a samu ɗan ba? A dangin uwa ko na uba akwai mai suga, ko wanda aka yanke wa ƙafa? 'Ya'yan da aka yi cikinsu sukarin uwa na sama sun fi saurin yin ƙiba da samun matsalar sukari in sun girma, don haka amsoshin nan nata ne ita ma, kuma su za ta faɗa wa malamar asibiti ranar awonta na farko. In kuwa amsoshin sun nuna Inna ce ta yi sukarin ciki shekarun baya ba a taɓa auna ta ba, to ita za a fara rakawa asibiti, da safe, kafin ta sha koko.